Ƙwallon Duniya, Taswirar Bango, Atlas ko Manhaja: Wanne Ya Fi Dacewa Wajen Koya wa Yaro Ƙasashen Arewa Mai Nisa?

Iyayen da ke zaune a Makka da Jidda da Madina, da malaman da ke tara yaran unguwa bayan la'asar a Shara Mansur ko Hindawiyya ko Karantina, sukan gamu da wata tambaya da yara ke yawan jefowa idan azumi ya ƙarato: wai da gaske ne akwai garin da rana ba ta faɗuwa, in kuwa haka ne, yaushe mutanensa suke shan ruwa? Amsar baki ba ta gamsar da yaron da ya tashi a Makka, inda bambancin yini mafi tsawo da yini mafi gajarta bai kai awa uku ba. Dole sai an nuna masa da wani abu da zai gani da idonsa, kuma a nan ne mai niyyar saye yake tsayawa a shagon littattafai yana jujjuya abubuwa huɗu: taswirar da ake mannawa a bango, ƙwallon duniya mai juyawa a kan gindinsa, littafin atlas, da manhajar waya ko kwamfuta. Kowannensu yana da amfani, amma ba su yi daidai ba idan aka zo batun arewacin duniya, kuma wanda ya fi arha a cikin waɗanda ake biya wa kuɗi shi ne ya fi saurin dasa kuskure a kan yaro.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne gaskiyar girma da siffa. Duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin danne ƙwarya don ta kwanta daidai da ƙasa ya san sai ta tsage. Mai zana taswira yana guje wa tsagewar ne ta hanyar miƙe wani wuri ko matse wani, kuma wurin da ya fi shan wannan miƙewa shi ne ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Saboda haka kayan koyarwar da ya nuna Hijaz da Sudan da Nijeriya daidai yana iya yin ƙarya mai girma game da Girinlan da Saibiriya.

Na biyu shi ne iya nuna motsi, wato juyawar duniya da karkatarta, domin ranar da ba ta faɗuwa da daren da ba ya wayewa ba a fahimtarsu sai an ga abin yana juyawa a gaban haske. Sai farashi, wanda zan kwatanta tsakanin kayan da junansu tun da kuɗin yana bambanta daga shago zuwa shago. Sai ƙarko a irin yanayinmu na zafi da ƙura da danshin bakin teku, a gidajen haya da ake yawan tashi daga cikinsu. Sai sauƙin amfani ga yaro da kuma ga uba ko uwar da ba su karanci labarin ƙasa ba. Na ƙarshe shi ne haɗari, kuma abin da nake nufi da shi kashi biyu ne: kuskuren da zai zauna a kan yaro har ya girma, da tsufan bayanin da ke jikin kayan.

Taswirar bango

Ita ce ta fi arha a cikin abubuwan da ake biya wa kuɗi, kuma ita ce ta fi sauƙin samu, daga manyan shaguna irin su Jarir har zuwa ƙananan masu sayar da kayan makaranta. Ba ta buƙatar wuta, ba ta cin wuri, kuma yara goma suna iya tsayawa a gabanta lokaci ɗaya. Babban ƙarfinta shi ne cewa kullum tana nan a gaban ido, yaro yana cin abinci yana kallonta, har sunayen ƙasashe su shiga kansa ba tare da an zaunar da shi ba. Wannan ƙarfin kuma shi ne tushen haɗarinta, domin in siffar da ke jikinta karkatacciya ce, ita ce za ta zauna.

Da yawa daga cikin taswirorin duniya da ake sayarwa an zana su ne bisa tsarin Gerardus Mercator, wani masani daga yankin da yake cikin Beljiyam a yau, wanda ya fitar da taswirarsa a 1569. Ya yi ta ne domin matuƙan jiragen ruwa, kuma a wannan aikin ba ta da aibi, saboda layi miƙaƙƙe a jikinta yana nufin tafiya a kan alƙibla ɗaya ta kamfas ba tare da sauyawa ba. Abin da aka sadaukar domin samun wannan shi ne girman ƙasashe. A digiri 60 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, wajen Oslo da Helsinki, taswirar tana ninka faɗin ƙasa sau 4. A digiri 70, wajen Tromso ta Norwe da Murmansk ta Rasha, ninkin ya haura sau 8, a digiri 80 kuwa ya haura sau 30. Ita kanta ƙuryar arewa ba ta iya fitowa a wannan tsarin ko kaɗan, shi ya sa ake yanke takardar kafin a kai gare ta. Makka, wadda take wajen digiri 21, ƙarin da ake yi mata ɗan kaɗan ne, wanda ido ba ya kamawa.

Misalin da ya fi dacewa da mu mazauna nan shi ne Girinlan. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 2.16, faɗin Saudiyya kuwa miliyan 2.15, wato kusan kansu ɗaya. Amma a taswirar Mercator Girinlan takan fito kamar za ta yi kafaɗa da nahiyar Afirka baki ɗaya, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita sama da miliyan 30, ta ninka ta kusan sau 14, kuma Aljeriya ita kaɗai ta fi ta girma. Haka nan Alaska, wadda ke bayyana kamar wata nahiya, ba ta kai Sudan ba: ita miliyan 1.72 ce, Sudan kuwa bayan rabuwarta da Kudu tana wajen miliyan 1.86. Yaron da ya shekara biyar yana kallon irin wannan takarda zai tashi da imanin cewa ƙasashen sanyi su ne manya, ƙasar iyayensa kuwa ƙarama ce, kuma cire masa wannan daga baya yana da wuya fiye da koya masa daidai tun farko.

Gane ta a shago ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. Mai saye ya ɗora tafin hannunsa a kan Girinlan, sannan ya ɗora a kan Saudiyya. In ta farkon ta ninka ta biyun sau da yawa, to Mercator ce. Ya kuma duba layukan kwance: in tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa yayin da ake hawa sama, ita ce. Sau da yawa ma za a ga layin ikwaita ya sauko ƙasa da tsakiyar takardar, domin an yanke kudancin duniya fiye da arewacinta.

Akwai taswirorin bango da suka fi wannan adalci. Tsarin Equal Earth, wanda aka fitar a 2018, yana ba kowace ƙasa girmanta na gaskiya, kuma shi ne wanda Tarayyar Afirka ta goyi bayan a koma gare shi a watan Agustan 2025. Tsarin Robinson na 1963 da na Winkel, wanda ƙungiyar National Geographic ta ɗauka a 1998, suna raba kuskuren ne tsakanin girma da siffa don kada ya taru a wuri ɗaya. Sai dai ko a waɗannan, arewa mai nisa ba ta tsira ba, domin taswirar da ta gyara girma takan latse siffa, Girinlan ta fito a kwance kamar an taka ta, ƙuryar arewa kuma, wadda ɗigo ɗaya ce, ta zama dogon layi a saman takarda. Kuma a mafi yawansu Alaska tana can ƙarshen hagu, Saibiriya tana can ƙarshen dama, har yaro ya ɗauka su ne suka fi nisa da juna a duniya, alhali mashigin Bering da ya raba su bai wuce kilomita 85 ba, kuma a tsakiyarsa akwai tsibirai biyu na Diomede, ɗaya na Rasha ɗaya na Amurka, waɗanda tazararsu ba ta kai kilomita 4 ba.

Ta fuskar ƙarko, takarda tsura ba ta jure danshin Jidda, gefenta yakan nannaɗe, salatif ɗin da aka manna ta da shi kuma ya saki idan bango ya yi zafi. Wadda aka lulluɓe da leda ta fi daɗewa, ana goge ta da tsumma, kuma ana iya naɗe ta a tafi da ita idan an tashi daga gida.

Ƙwallon duniya

Wannan shi kaɗai ne a cikin huɗun da ba ya buƙatar miƙe wani wuri ko matse wani, domin siffarsa ita ce siffar abin da yake wakilta. Girinlan da Saudiyya suna fitowa kai ɗaya, Afirka ta cika gefe guda, tekun Aktik kuma ya bayyana a yadda yake, ƙaramin teku mai murabba'in kilomita wajen miliyan 14 wanda ƙasashe suka kewaye. A ra'ayina, duk wanda zai sayi abu ɗaya tak domin wannan darasin, shi ya kamata ya saya, kuma dalilin ya wuce batun girma.

Ana kafa ƙwallon a karkace a kan gindinsa, kuma wannan karkata ta digiri 23.4 ita ce ta duniya kanta. A jikinsa akwai layuka masu ɗigo-ɗigo guda biyu a arewa da ikwaita. Na ƙasa, wanda yake a digiri 23.4, ya ratsa ta cikin Saudiyya tsakanin Makka da Madina, kuma shi ne iyakar inda rana ke kaiwa ta tsaya a tsakiyar ka. Na sama, wato Da'irar Aktik, yana a digiri 66.6, adadin da ake samu idan aka cire 23.4 daga 90. Ashe dalili ɗaya ne ya haifar da layukan biyu, kuma yaron Makka yana da hanyar kama wannan da ba kowane yaro ke da ita ba, saboda ya san cewa sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da wajen 16 ga Yuli, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba da azahar har inuwa ta ɓace. A waɗannan ranakun biyu rana ba ta faɗuwa a Tromso ta Norwe, inda take kwana a sama tun daga wajen 20 ga Mayu har zuwa wajen 22 ga Yuli.

Nuna wannan ba ya buƙatar komai sai ɗaki mai duhu da fitilar waya. A kashe wuta, a ajiye ƙwallon a kan tebur yadda kansa na sama zai karkato wajen fitilar, a manna ɗan guntun takarda a kan Makka, wani kuma a kan arewacin Norwe, sannan a juya ƙwallon a hankali. Takardar Makka za ta shiga duhu ta fito, ta Norwe kuwa za ta zagaye ba tare da ta bar haske ba. Sai a mayar da ƙwallon ɗaya gefen fitilar ba tare da an sauya inda kansa ya karkata ba, a sake juyawa, a ga takardar Norwe ta kasa fitowa daga duhu, wanda shi ne halin Tromso daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. In aka matsar da takardar zuwa garin Longyearbyen a tsibiran Svalbard na Norwe, a digiri 78, za a ga dalilin da ya sa a can rana take kwana a sama daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta. Gani ya kori ji, kuma babu taswirar bango ko atlas da za ta iya yin wannan aikin.

Darasi na biyu da ƙwallo kaɗai ke bayarwa shi ne na alƙibla, kuma zare kawai ake buƙata. A ɗora bakin zaren a kan Washington, ɗaya bakin a kan Makka, a ja shi ya miƙe: zai tashi ne ta arewa maso gabas, ko da yake a taswirar bango Makka tana bayyana a kudu maso gabas, kuma wannan ne ya sa mafi yawan masallatan Amurka suke fuskantar arewa maso gabas. Daga Anchorage ta Alaska zaren zai haura kusan arewa sak, ya bi ta kusa da ƙuryar duniya kafin ya gangaro Hijaz. Wannan hanyar ce kuma jiragen sama ke bi, shi ya sa jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa San Francisco yake ratsawa ta saman tekun Aktik.

Yana da nasa raunin. Ƙwallon da aka fi sayarwa, mai faɗin santimita 30, kowace santimita ɗaya a jikinsa tana wakiltar kilomita wajen 425, saboda haka tazarar Makka da Jidda ba ta kai milimita 2 ba, kuma ƙananan garuruwan arewa ba sa samun wurin da za a rubuta sunansu. Abin da ya fi wannan ban haushi shi ne cewa ƙarfen da ke riƙe da ƙwallon, tare da ɗan faifan sa'o'i da ake ɗorawa a samansa, yana rufe ainihin ƙuryar arewa. Mai saye ya duba wannan tun a shago, ya zaɓi wanda faifansa ƙarami ne, ko wanda ake iya ciro ƙwallon daga gindinsa a riƙe a hannu.

Farashinsa ya fi na taswira, kuma yana hawa bisa girma da kayan da aka yi shi da su. Na busawa shi ne mafi arha, amma araha ba ta ado: ƙaya ko farce ɗaya ya ishe shi, kuma ba shi da gindin da zai riƙe karkatar, wadda ita ce zuciyar darasin. Na roba mai tauri yana shekaru idan ba a bar shi a mota ko a bakin taga rana ta gasa shi ba. Na kwali da aka lulluɓe da takarda yakan fara ɓarewa daga layin ikwaita, inda aka haɗa rabi da rabi. Mai fitila a ciki ya fi tsada da kyan gani, amma hasken cikinsa ba ya taimaka wa darasin dare da rana, domin duniya daga waje take samun haskenta. Wanda kuma yake shirin komawa Kano ko Kosti da kayansa ya sani cewa ƙwallo yana cin wuri a akwati kuma ba ya jure dannewa.

Haɗarinsa babba shi ne tsufa, musamman ga mai saye a kasuwar gwanjo irin ta Sawarik. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a duba Sudan: in ƙasa ɗaya ce, an buga shi kafin Yulin 2011. In akwai Tarayyar Sobiyat, ya girmi 1992. In arewacin Kanada babu yankin Nunavut, ya girmi 1999. Tsohon ƙwallo yana iya koyar da dare da rana da alƙibla daidai, amma kada a haddace iyakoki daga jikinsa.

Atlas

Atlas littafi ne na taswirori, kuma fifikonsa shi ne cewa kowane yanki ana zana shi da tsarin da ya dace da shi. Shafin da ya shafe mu shi ne wanda aka zana daga sama, ƙuryar arewa tana tsakiya, irin zanen da ke jikin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. A wannan shafin ne ake ganin ƙasashe takwas da suka kafa Majalisar Aktik a 1996 suna zagaye da teku ɗaya: Rasha, Kanada, Amurka ta hanyar Alaska, Denmak ta hanyar Girinlan, Norwe, Suwidin, Finlan da Aisilan. A nan ne kuma ake samun abin da ƙwallo ya kasa ɗauka, kamar cewa Da'irar Aktik ba ta taɓa babban tsibirin Aisilan ba sai ɗan tsibirin Grimsey da ke arewa da shi, ko cewa Murmansk, birni mafi girma a arewa da da'irar, tasharsa ba ta daskarewa saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika, ko cewa ƙanƙara ta rufe wajen kashi 80 cikin 100 na Girinlan har mutanenta, waɗanda ba su kai 60,000 ba, suka taru a bakin gaɓa.

Ga ɗalibin da ya kai sakandare, atlas ne ke koya masa karanta digiri, kuma wannan yana da amfani har a karatun addini. Majalisar Fikihu ta Rabita, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya da ke nan Makka, da ta yi bayanin lokutan salla da azumi a ƙasashen arewa, ta raba su ne bisa digiri 45 da 48 da 66, kuma wanda bai iya nemo waɗannan layukan a taswira ba zai karanta hukuncin bai san garuruwan da ake nufi ba. Matsalar kuwa tsohuwa ce a wurin Musulmi, domin tun a shekarar 922 Ibn Fadlan ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga ya ba da labarin gajartar darensu, a yau kuma akwai masallatai a Tromso, da Norilsk ta Rasha, da Inuvik ta Kanada, duk a arewa da Da'irar Aktik.

Farashin atlas na makaranta matsakaici ne, manyan kuwa masu bangon kwali sun fi ƙwallo tsada. Yana daɗewa fiye da sauran in an kiyaye shi daga ruwa, kuma shi ya fi sauƙin ɗauka. Rauninsa shi ne ba ya motsi, yaro ƙarami ba ya buɗe shi da kansa, kuma sikelin kowane shafi, wato gwargwadon yadda aka rage girman ƙasa, daban ne, har Aisilan ta cika shafi guda kamar yadda Rasha ta cika nata. Kafin a biya, a buɗe a tabbatar akwai shafin ƙuryar arewa, domin wasu atlas na makaranta suna ba ƙasashen Larabawa shafuka da yawa su taƙaita sauran duniya, a kuma duba shekarar bugu da jerin sunaye na ƙarshen littafin. Batun harshe ma abin lura ne: yaron da ke karatu da Larabci ya fi sakewa da atlas na Larabci, amma sunayen garuruwan arewa suna da wuyar furtawa idan an rubuta su babu wasula.

Manhaja

Google Earth, wadda ta fito a 2005, kyauta ce, kuma tana nuna duniya a dunƙule, ana juya ta da yatsa, ana kusantowa har a ga rufin gidaje masu launi na Nuuk, babban birnin Girinlan. Akwai kuma shafin The True Size, inda ake jawo Girinlan da yatsa a ɗora ta a kan Saudiyya a ga tana ƙanƙancewa yayin da take gangarowa, wanda shi ne maganin da ya fi saurin warkar da wanda Mercator ta riga ta ruɗa. Bayanin manhaja ba ya tsufa kamar na takarda.

Amma kyautar ba ta cika ba, tun da sai da waya ko kwamfuta da kuɗin data, ƙarkonta kuma ƙarkon na'urar ne. Ba kowace taswirar intanet ce ta tsira daga matsalar da aka ambata ba, domin mafi yawansu an gina su ne a kan wani nau'i na Mercator da ke yanke duniya a wajen digiri 85, kuma sai a 2018 Google ya sa taswirarsa ta kwamfuta ta riƙa komawa ƙwallo idan an ja baya. A Google Earth kuma tekun Aktik yakan fito shuɗi kamar kowane teku, alhali ƙanƙara ce ke yawo a kansa, tana faɗaɗa har zuwa Maris tana raguwa har zuwa Satumba, kuma a Satumban 2012 ta ragu zuwa murabba'in kilomita wajen miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa da tauraron ɗan Adam a 1979. Sai kuma abin da kowace uwa ta sani: wayar da aka miƙa wa yaro don ya duba Svalbard ba ta daɗewa a Svalbard in babu babba a kusa.

| Ma'auni | Taswirar bango | Ƙwallon duniya | Atlas | Manhaja |
|---|---|---|---|---|
| Gaskiyar girma a arewa | Mercator ta yi muni, Equal Earth ta gyara girma ta latse siffa | Daidai | Daidai a shafin ƙuryar arewa | Daidai in a dunƙule take |
| Nuna dare da rana | Ba ta iyawa | Shi ya fi kowa | Zane kawai | Tana iyawa, sai an san wurin dannawa |
| Farashi | Mafi arha | Matsakaici zuwa mai tsada | Matsakaici zuwa mai tsada | Kyauta, ban da na'ura da data |
| Ƙarko | Mai leda ta fi daɗewa | Na roba mai tauri yana shekaru | Mafi daɗewa | Gwargwadon na'ura |
| Sauƙi | Kowa yana iyawa | Kowa yana iyawa | Sai mai iya karatu | Sai da mai kula |
| Haɗari | Kuskuren girma | Tsofaffin iyakoki | Tsohon bugu, bambancin sikeli | Shagala, rashin ƙanƙarar teku |

Wa ya dace da wanne

Gidan da ke da yara 'yan firamare, kuma kuɗin abu ɗaya kawai aka ware, ya sayi ƙwallon roba mai tauri na santimita 30 mai gindi a karkace, marar fitila, wanda Sudan ta Kudu take jikinsa. Malamin da ke da yara da yawa a ɗaki ɗaya yana buƙatar taswirar bango domin kowa ya gani, amma ya nemi Equal Earth ko Winkel mai leda, ya kuma ajiye ko ƙaramin ƙwallo ne a gefe don ranar da za a yi darasin arewa. In Mercator ce ta riga ta hau bango kuma babu halin sauya ta, a bar ta, amma a zaunar da yaran sau ɗaya a nuna musu Girinlan a kan Saudiyya a waya, a kuma rubuta girman ƙasashen biyu da alƙalami a jikin takardar.

Ɗalibin sakandare ko na jami'a, da mai karatun fikihu da ke son gane garuruwan da hukuncin lokutan salla ya shafa, atlas ne nasu, sabon bugu mai shafin ƙuryar arewa da jerin sunaye. Wanda zamansa a nan ba mai tsawo ba ne, ko yake yawan sauya gida, shi ma atlas ya fi masa, ya haɗa da manhaja, ya bar sayen ƙwallo sai ya koma gida. Wanda kuwa ba shi da abin kashewa a yanzu, Google Earth ta ishe shi nuna girma da siffa, darasin dare da rana kuma ana iya yinsa da ƙwallon wasan yara da aka zana wa layin ikwaita da Da'irar Aktik da alƙalamin maka, a riƙe shi a karkace a gaban fitilar waya.